Darasi na 9: Yadda Ake Sanyaya Iskar Inji

Ka ba tayar keke iska da famfo, sannan ka taɓa gindin famfon. Za ka ji ya ɗauki zafi. Haka iska take: duk inda aka matse ta, sai ta yi zafi.

Manyan motoci masu shan gas, irin waɗanda ke lodin shinkafa a Kura da Haɗeja, suna da turbo. Aikinsa ya danna wa inji iska da ƙarfi. Sai dai iskar da ke fitowa daga cikinsa zafinta kan kai digiri 150, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa. Iska kuwa in ta yi zafi buɗewa take yi, kaɗan ce za ta cika wuri. In ta shiga inji a haka, mai ba zai ƙone sosai ba. Mota ta riƙa baƙin hayaƙi, tana nishi a hawa.

Shi ya sa ake sa aftakula, wato na'urar sanyaya iska, tsakanin turbo da inji. Makanikai sun fi cewa intakula. Kamarta ɗaya da lagireto, kuma a gabansa ake ɗaure ta. Iskar mai zafi tana bi ta cikin ƙananan bututu na alminiyam, iskar waje da fanka ke jawowa tana ratsa tsakaninsu tana kwashe zafin. A wani injin kuma, da ruwa ake sanyaya iskar.

A babbar kwamfaresa, wato injin matse iska irin na masu haƙa rijiyar burtsatse, aftakula tana da ƙarin amfani. Iska na ɗauke da laima, musamman da damina. Da ta huce sai laimar ta zama ruwa, a tsiyaye shi kafin ya sa tsatsa. Ko mai faci ya kamata ya riƙa buɗe ƙasan tankinsa kullum, ruwan ya fita.

A nan karkara babban abokin gaban aftakula ƙurar hunturu ce da ƙaiƙayi, don su ke toshe ƙofofin da ke tsakanin bututun. Kashe inji, bari ya huce, ka wanke da ruwa a hankali. Kada ka zura waya ko tsinke, alminiyam bai da wuyar hujewa. In ka ji tsiii lokacin da aka taka totur, duba robar da ke haɗa bututun, wataƙila ta tsage.

Tambayoyi
1. Me ya sa famfon keke yake zafi?
2. Daga ina ruwan da ke cikin tankin mai faci yake zuwa?