Babi na 6: Harajin Jiha ga Mazauna Niyok

Darasi na 1: Takardar W-2

Iyayena da 'yan'uwana, kowa ya fito da takardar nan da wurin aikinsa ya ba shi a watan Janairu. Ku nemi harafin W a jikinta, sai ɗan layi, sai lamba 2. Sunanta ke nan, W-2. Masu tuƙin Uber, taku 1099 ce, ku dakata sai babi na gaba.

A Amurka ba hukuma ɗaya ke cire haraji daga albashi ba. Gwamnatin tarayya tana cire nata, jihar Niyok tana cire nata, in kuma a cikin birnin Niyok kuke zaune, kamar mu na Bronx, birni ma yana da rabonsa. Kowanne da akwatinsa a takardar. Akwati shi ne ɗan murabba'in da ke da ƙaramar lamba a kusurwa.

Ku ɗora yatsa a sama, ta dama, ku nemi akwati na 2. Kuɗin da ke ciki na tarayya ne. Yanzu ku ɗage yatsan, ku gangara can ƙasan takardar. Za ku ga 15, 16, 17 a jere. A akwati na 15 an rubuta NY, wato jiharmu. Na 16 shi ne albashin da jiha ta lissafa muku. Na 17 shi ne harajin da aka riga aka cire aka tura wa jiha.

Sha bakwai. Ku faɗa da baki: na jiha yana 17.

Kada ku ji kunya in kun ruɗe. Shekara da shekaru ina koyar da wannan darasi, kuma a nan ne kowa yake tuntuɓe. Bara wata Hajiya mai aikin kula da tsofaffi ta kwafi kuɗin akwati na 2 ta zuba a fom ɗin jiha, wanda ake cikawa duk shekara don lissafin haraji, sai lissafi ya nuna za a mayar mata da kuɗi mai tsoka. Har ta yi wa 'yarta alkawarin kuɗin makaranta a gida. Da wasiƙar gyara ta iso, na ga yadda hannunta ke rawa tana buɗe ambulan. Ba na so in sake ganin haka.

To, mu sake. Fom ɗin jiha na mazauna sunansa IT-201. In aka tambayi harajin jiha da aka cire, yatsa ya sauka ƙasa, akwati na 17. In aka tambayi na birni, akwati na 19, kusa da shi. Akwati na 2 ba shi da hurumi a nan. Ku ɗauki fensir ku zagaye 17 yanzu, ina kallo.

Malam, na ga ka zagaye 2. Haba! Sau nawa zan faɗa? Wanda ya iya lissafin canjin dala zuwa naira ko sefa a ka, bai kamata lamba 17 ta gagare shi ba. Goge, ka sauka ƙasa.

Ranar ƙarshe ta miƙa fom ita ce 15 ga Afrilu. Mai ƙaramin albashi yana iya zuwa shirin VITA a cika masa kyauta, amma ya riƙe takardarsa ya duba 17 da idonsa.

Darasi na 2: Harajin sayayya

Farashin da aka liƙa a jikin kaya ba shi za ku biya ba. A birnin Niyok ana ƙara kashi 8.875 cikin ɗari: 4 na jiha, 4.5 na birni, ragowar na harkar sufuri. Wayar dala 100 za ta tashi dala 108.88. Mai kanti bai cuce ku ba, ku duba rasit. Shinkafa da ɗanyen nama ba su da wannan haraji, haka riga ko takalmin da bai kai dala 110 ba.

Darasi na 3: Harajin gida

Mai gida ne ke biyansa ga birni, kuma makarantun yaranmu suna ci daga ciki. Ɗan haya ba ya cika fom, nasa yana cikin kuɗin haya.

Aikin gida: ku zo da W-2 mako mai zuwa, an zagaye 17.