Yadda Ake Tantance Tsofaffin Sulallan Azurfa da Yi Musu Kuɗi

Wanda zai fara tara tsofaffin kuɗin azurfa a ƙasar Hausa, iri biyu zai fi cin karo da su, ko a Kasuwar Kurmi ta Kano ko cikin kayan gado: liyari mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Teresa, da kuma sulallan da Turawan Ingila suka buga wa Afirka ta Yamma tun daga 1913, wato taro da sisi da sule da dala.

Kafin a shiga ciniki, sai a nemi maganaɗisu da ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinariya. Azurfa ba ta kama maganaɗisu, amma tagulla ma ba ta kamawa, saboda haka sikeli ne zai raba gardama. Liyari na gaskiya giram 28 ne da ɗan ɗoriya, sule giram 5.65, dala kuwa ninkinsa. In an ɗora sulallan a kan yatsa aka ɗan ƙwanƙwasa, azurfa takan yi amo mai tsawo, na jabu kuwa nan take yake mutuwa.

Daga nan sai a dubi shekara. Sulallan da ke ɗauke da hoton Sarki Joji na Biyar daga 1913 zuwa 1919 azurfarsu ta kai kashi 92.5 cikin ɗari, a 1920 aka rage ta zuwa kashi 50, sannan aka koma buga su da ƙarfe mai ruwan rawaya. Shekarar da ke jikin liyari kuwa ita ta fi ruɗar sababbin shiga, domin tun rasuwar sarauniyar ake ta buga shi da shekarar rasuwarta, 1780, a Biyana (babban birnin Ostiriya) da Landan da Roma har da Bombai, kuma har gobe ana bugawa a Biyana. Dillalin da ya ninka farashi don wai sulallan ya haura shekara ɗari biyu, jahilcin mai saye yake ci. Galibi kuɗin liyari bai wuce na azurfar da ke cikinsa da yawa ba, wato kimanin giram 23.4, sai a buga lissafi da farashin azurfa na ranar.

Abin da ke ɗaga daraja sama da nauyi shi ne ƙarancin bugun da kuma lafiyar zane. A sule, a dubi ganyen bishiyar kwakwa da gemun sarki. A liyari, a dubi ƙananan duwatsun adon da ke kafaɗar sarauniya da rubutun da ya zagaye bakinsa. Wanda aka huda don adon kitso, ko maƙerin fari ya liƙa wa hannu, ya koma kuɗin nauyi kawai, ko da yake ni ina sha'awar irinsu don tarihin da suke ɗauke da shi.

Kada a goge su da toka ko lemon tsami, domin duhun tsufan nan masu tarawa na sonsa, gugar kuma takan bar ƙarce da ba ya gyaruwa. A riƙe su ta gefe, a sa kowanne cikin ambulan takarda nasa, a rubuta shekara da nauyi da kuɗin da aka saye shi a bayan ambulan ɗin.