Yadda ake haɗa tarihin uwa malamar asibiti kafin sadakar arba'in

A Tahoua in tsohuwar malamar asibiti ta rasu, zaman makokin ba na dangi kaɗai ba ne. Matan da ta karɓi haihuwarsu za su zo, abokan aikin da suka yi gardin dare tare za su taso daga Ƙonni, Madawa, Keita ko Illela. Kwana uku na farko gida cike yake, bayan bakwai kowa ya kama gabansa. Duk mai son ajiye wa jikoki tarihinta, a kuma karanta taƙaitaccensa ranar sadakar arba'in, cikin kwanakin nan zai fara, don mutanen da suka san ta tun tana sabuwar ma'aikaciya ba za su sake taruwa wuri ɗaya ba.

A damƙa aikin a hannun mutum ɗaya, kuma kada ya zama babban ɗa, shi yana kan tabarma yana karɓar gaisuwa. Jika ko ɗiya mai saurin rubutu ta fi dacewa, don tana iya shiga cikin mata, can ne labarin yake. Kayan aikinta littafin rubutu ɗaya, biro biyu, da waya mai caji da isasshen wuri. Ba a ɗaukar muryar kowa a ɓoye, ba a kuma yin tambaya a tsakiyar gaisuwa. A bari baƙuwa ta yi addu'a ta sha ruwa, sannan a ja ta gefe: “Tanti, in ba damuwa zan ɗauki muryarki don ƙannena, minti goma kawai.”

Irin tambayar ce ke kawo irin amsar. Aka ce “wace irin mace ce?”, kowa zai ce mutuniyar kirki ce, Allah ya jiƙanta, shi ke nan. A tambayi abin da ke da wuri da lokaci: a wane gari kuka fara aiki tare, wa ke majo (shugaban malaman asibitin) a lokacin, in haihuwa ta zo da dare babu wuta da me kuke gani, wa ke riƙe mata yara in tana gardi? Daga nan ne ake jin zancen fitilar aci-bal-bal, da amalanken da ake kawo mai naƙuda a kai, da irin faɗan da take yi wa uwar da ta bar zazzaɓin yaro ya kwana uku a gida. Faɗan ma a rubuta shi. Malamar asibitin da aka ce ba ta taɓa ɗaga murya ba, waɗanda suka san ta ba za su gane ta a takardar ba.

Sai takardu. Galibi suna cikin akwatin ƙarfe, a naɗe cikin leda. A nemi difloma, ta makarantar koyon aikin lafiya ta ƙasa (ENSP) ta Yamai ko ta Damagaram in can ta yi karatu, da takardar ɗaukar aiki mai lambar matirikil, da takardun canjin wurin aiki, da ta ritaya, da ta fansho daga asusun 'yan ritaya na CARENI in ma'aikaciyar gwamnati ce. Takardun canjin wurin aiki su ne ƙashin bayan tarihin, kowace na ɗauke da gari da kwanan wata. A jera su a kan tabarma daga tsohuwa zuwa sabuwa, a kwafi garuruwan da shekarun, sannan a rataya labaran baki a jikinsu. Takardar mutuwa kuma a nema a ma'aikatar magajin gari da wuri, in wa'adin doka ya wuce sai an bi ta kotu.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne shekarar haihuwa. Yawancin mutanen wancan zamani takardar hukuncin kotu suke da ita, mai cewa an haife su “wajajen” shekara kaza, wasu kuma an rage musu shekaru don shiga lakwal. Sai ka ga takarda ta ce 1958, yayarta ta rantse ta girmi haka. Ba a gardama da tsohuwa a gidan makoki. A rubuta “bisa takarda”, a wuce. Sauran shekarun kuwa, dattawa da abin da ya faru suke lissafi, sai mai rubutu ta mayar da shi lamba: juyin mulkin Seyni Kountché 1974, yunwar El Buhari 1984, babban taron ƙasa 1991, karyewar darajar sefa 1994, babbar annobar sanƙarau 1995, ƙarancin abinci 2005, fara kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta 2006. Aka ce maigidanta ya rasu shekara guda bayan karyewar kuɗi, an samu 1995, kuma an gane ta fita takaba ta faɗa cikin aikin sanƙarau da marayu a gida. Duk abin da mutum ɗaya kawai ya faɗa, a jira na biyu ya tabbatar kafin a sa.

Akwai abin da ba ya shiga takarda ko kusa: sirrin marasa lafiya. Mace za ta zo tana kuka ta ce marigayiya ce ta rufa mata asiri lokacin cikin fari, ko ita ke kai mata magani gida don kada unguwa ta sani. Amana ce da ta riƙe har kabari, ba 'ya'yanta ne za su tone ta da lasifika ba. A ce ta taimaki mata da yawa a ɓoye, ba suna, ba unguwa, ba cuta. In an tarar da rejista ko littafin asibiti (karne) na marasa lafiya a akwatinta, a mayar wa majon asibitin da ta yi aiki, kada yara su yi ta ɗaukar hoto. Ragowar magunguna da allurai su ma can za a kai su, allurai cikin gwangwani mai murfi. Ba kayan gado ba ne da za a raba wa maƙwabta.

Sashen gida ya fi wuyar rubutu, don nan ne ake ɓata wa mutane rai. A faɗi shekarar da ta rasa miji da yawan yaran da ya bar mata, a tsaya nan, zancen gado da wanda ya taimaka da wanda ya juya baya ba na ranar ba ne. Wajen jera sunaye a sa har 'ya'yan riƙo da 'ya'yan kishiya da suka tashi a ɗakinta. Suna ɗaya da aka manta yana iya raba zumunci shekaru. Maganinsa, a karanta jerin ga dattijai biyu, ɗaya daga danginta, ɗaya daga dangin mijin. Sunanta na yanka a ambata sau ɗaya a farko, daga nan Inna ko Hajiya, yadda ake kiranta a gida. Kada kuma a ba ɗanta karatun, kunya da kuka za su tsayar da shi a layi na biyu. Abokiyar aikinta ko ƙanin mijinta sun fi iya kaiwa ƙarshe.

Abin karantawa kada ya wuce shafi ɗaya, kalma 350 zuwa 400, wato kamar minti huɗu. Dogon tarihin ya zauna a littafi. A yi shi da Hausa, a ajiye kwafin Faransanci don abokan aiki. A shaida wa malamin da zai ja addu'a tun jajibiri, a karanta kafin fatiha, don da an shafa mutane sun miƙe. Maza na waje ƙarƙashin rumfa, mata na ciki, saboda haka ko a sa lasifika ko a karanta sau biyu. Da sassafe ake yi, musamman a watan Afrilu da Mayu da zafin Adar ke wuce digiri 40. Wasu gidajen ba sa taron arba'in, malamansu ba su yarda da shi ba. Ba abin jayayya ba ne, sai a raba takardar ga dangi, a tura muryar ta WhatsApp.

Layin ƙarshe na takardar na bashi ne: wanda ke binta, ko ya ba ta ajiya, ko suke adashe tare, ya ga wane, a faɗi sunan mutum ɗaya. Malaman asibiti mata sukan riƙe kuɗin mutane ba tare da 'ya'yansu sun sani ba.

In 'ya'ya da jikoki na son sadakar da ta yi kama da aikinta, su je cibiyar ƙarin jini ta jiha su ba da jini, musamman daga Agusta zuwa Oktoba lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke ƙarar da jinin yara. Ana son mai shekara 18 zuwa sama, mai kilo 50 aƙalla, lafiyayye, wanda ya karya kumallo. Mai ciki da mai shayarwa su bari. A sanar da cibiyar kwana biyu kafin a je in mutanen sun kai goma.

Muryoyin da aka ɗauka kada a bar su a waya ɗaya, waya na ɓata, na faɗawa ruwa. A kwafa a katin memori biyu, ɗaya a Tahoua, ɗaya wurin wanda ke Yamai ko waje. Takardun asali a yi musu fotokofi, a mayar da su akwatin ƙarfe a ɗora kan bulo saboda gara da damshin damina. Hotunanta na farar riga kuma, a juya bayansu a rubuta gari da shekara da sunayen na kusa da ita, da fensir, don tawadar biro tana huda takarda ta ɓata fuska.