Yadda za ku zuba XML cikin rumbun bayanai lafiya lau

'Yan uwa ɗaliban kwamfuta na Samaru masu haɗa manhajar albashi ko ta rajista, don Allah kar ku zuba XML (wani tsarin rubuta bayanai a fayil) kai tsaye a rumbun bayanai na MySQL. Ku fara tantance shi da xmllint (manhajar duba XML) tare da fayil ɗin XSD (mai ɗauke da ƙa'idojin da XML ɗin zai bi), xmllint ɗin zai nuna muku layin da aka rubuta suna a gurbin lamba. In fayil ɗin ƙato ne to a Python ku ɗauki iterparse (abin karanta XML), kaɗan-kaɗan yake karantawa, kuna yin clear (share wanda aka gama da shi daga memory) bayan kowane rikodi, wallahi shi ya ceci tsohuwar kwamfutata. Zubawar kuma ku sa ta cikin transaction guda (aikin da ko dai ya kammala duka ko a soke shi duka) a teburin InnoDB (nau'in teburin MySQL mai karɓar transaction), in aka ɗauke wuta ana tsaka da aiki komai zai koma yadda yake, sai ku sake.