Kafin a ajiye kwas ɗin Oganik Kemistiri

'Yan'uwa masu neman makarantar likitanci a Amurka, ku fara duba kalandar jami'arku. Kwas ɗin da aka ajiye cikin wa'adin farkon zango ba ya fitowa a takardar sakamako. Bayan wa'adin, W (alamar janyewa daga kwas) ake rubutawa, kuma AMCAS, wato kafar da ake neman shiga makarantun likitanci ta cikinta, ba ta lissafa W cikin GPA (matsakaicin makin ɗalibi). F (makin faɗuwa) ce mai illa: ko an maimaita kwas ɗin, duka makin biyu ake haɗawa. Ku lissafa makin da ya rage. In C za ta samu, gara a daure, don darasin na fitowa a MCAT, jarrabawar shiga makarantar likitanci. Mai bizar karatu ta F-1 kuwa, kada kiredit ɗinsa (ma'aunin nauyin kwasa-kwasan da yake ɗauka a zango) ya gaza 12 sai da izinin ofishin ɗaliban waje.