Yadda Za A Tantance Kocin Ninƙaya Na Yara A Kano

Masu koyar da ninƙaya a kulob ɗin unguwa galibi kashi uku ne: malamin motsa jiki da ya yi karatu a BUK ko kwalejin ilimi, tsohon ɗan gasa, da wanda ya koyi ruwa a kududdufi ko Dam ɗin Tiga. Na ukun kan fi kowa jarumta a ruwa, amma iya ruwa daban, koyarwa daban. Sau da yawa yakan koya wa yaro ɗaga kai sama, ƙafafu su nutse, yaron ya gaji kafin mita 10.

Ku nemi takardar horon agajin gaggawa, irin ta Red Cross, sannan ku sa kocin ya gwada farfaɗo da numfashi a gabanku: danna ƙirji sau 30, hura iska sau 2. Wanda ya yi inda-inda, a sallame shi.

Kada masu koyo su wuce 8 a hannun koci ɗaya, kuma a sa wani daban yana gadi a bakin ruwa. 'Yan mata a nema musu mace. Lokacin hunturu, a tambayi kocin minti nawa yara za su yi cikin ruwa. In leɓe ya fara shuɗi, a fito da su.