Yadda Za Ki Siffanta Mutanen Labarinki Har Mai Karatu Ya Gan Su

Kusan duk labarin da ƙannena marubuta suke turo mini ta WhatsApp in duba musu, ba na kai shafi na uku sai na ci karo da ita. Fara ce tas, doguwa, mai dara-daran idanu farare kamar madara, hanci har baka, gashi har gadon baya, ga wushirya, ga ƙirar kalangu. Shi kuwa dogo ne mai faffaɗan ƙirji, saje ya kwanta luf a fuskarsa. Na karanta yarinyar nan ya fi sau ɗari, suna kawai ake sauya mata. Amma da za a ce in shiga Kasuwar Barci ta nan Kaduna in nuno ta cikin mutane, ba zan iya ba, don ba a ba ni abu ko ɗaya da yake nata ita kaɗai ba.

Da ke zan yi magana, ƙanwata, tunda mata ne suka fi turo mini rubutu. Maza ma in sun ga abin ɗauka su ɗauka.

Ki fara tuna yadda muke kwatance a gida. Idan za ki aiki yaro wurin wani a Kasuwar Sheikh Gumi, me kike ce masa? "Ka shiga layin 'yan atamfa, ka nemi wani dattijo mai furfura a gira, yana ɗan jan ƙafar hagu." Shi ke nan, yaro ya je ya same shi cikin dubban mutane. Haka laƙubbanmu ma suke: Dogo, Jatau, Duna, Cindo. Abu guda aka ɗauka a jikin mutum, ya bi shi har tsufa. To kowane mutum a labarinki ki nemo masa abu ɗaya ko biyu da in an gani za a ce wane ne. Sauran ki bar wa mai karatu. Zai cike da fuskokin da ya sani a unguwarsu, kuma fuskar da ya haɗa da kansa ta fi zama a ransa.

Wannan abu ɗaya kuwa daga rayuwar mutumin ake samo shi, domin sana'a da wahala da jin daɗi duk suna barin sawu a jiki. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara ashirin da wani abu yana aiki a masaƙa a Kakuri, tun lokacin da unguwar take cika maƙil da kekuna in an tashi daga aiki. Ƙarar injuna ta cinye masa kunnen hagu. Saboda haka duk mai yi masa magana sai ya karkato masa kunnen dama, kansa a ɗan kwance kamar mai sauraron sirri, shi kuma ko a cikin ɗaki da ƙarfi yake magana. Bayan masaƙun sun durƙushe a shekarun 2000 ya dawo zaman gida, amma kullum da safe sai ya goge rigarsa ya maƙala biro a aljihu, ya zauna a ƙofar gida. Ban faɗa miki tsawonsa ko launin fatarsa ba, amma na san kin gan shi.

Ki yi wa naki mutanen irin wannan tambayar: me hannunsa yake yi tun safe har dare? Maƙerin Panteka yana da baƙi a ƙarƙashin farce wanda sabulu ba ya fitarwa, da tabban tartsatsi a damtse. Mai tuyar ƙosai idonta kullum a ɗan kanne yake saboda hayaƙi. Tela ba ya rasa zare maƙale a riga, kuma in ya miƙe sai ya dafa ƙugu. Ɗan acaba idonsa ja ne don ƙura, fasinjarsa kuma wataƙila tana da tabon salansa a ƙwauri. Lokaci ma ki sa shi a lissafi. In labarinki cikin hunturu yake faruwa, ina faso a dunduniya, ina leɓen da ya tsage, ina yara furu-furu da iyaye ke bi da man kaɗanya? Jarumar da ta fito da sanyin Janairu fatarta na sheƙi, wannan sheƙin kansa labari ne, yana nuna tana da kuɗin mai da lokacin shafa shi.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne wannan: kafin ki siffanta kowa, ki tambayi kanki idon wa ke kallo. Mutum ɗaya ne, amma kowa da abin da yake gani a jikinsa. A ce an kawo amarya wani gida a Unguwar Rimi. Uwar miji hannuwanta za ta fara duba, ta ga ko sun san aiki, sannan ta lura da yadda ta durƙusa wajen gaisuwa. Uwargida ba za ta so ta kalle ta ba, amma cikin daƙiƙa guda ta ƙirga awarwaron hannunta, ta gane kuɗin leshin, ta kuma ga ƙuruciyar da ita ta wuce. Ƙanin miji ɗan shekara bakwai jan lallen tafinta kawai zai gani. Mahaifiyarta kuma, ran da ta zo ganin ɗaki bayan wata biyu, ba za ta ga ko ɗaya cikin waɗannan ba. Ƙashin wuyan 'yarta za ta gani ya fito, ta yi shiru, sai a hanyar komawa ta share ido da bakin mayafi. Kin ga da jifa ɗaya kin nuna amarya, kin kuma tona zuciyar mai kallonta.

Nan ne kunyarmu take taimakon marubuci, in ya san amfaninta. Yarinyar da ta fito zance karon farko kanta a sunkuye yake. Abin da za ta gani takalminsa ne, ko an goge ko ya sha ƙura, da agogo, da yadda yake murza makullin mota a yatsa. Fuskar sai a sace, kallo ɗaya, ta kama wani abu ƙarami, wataƙila tabon salla a goshi. Ki ba mu shi a haka, gutsure-gutsure, yadda ita ta same shi. Shi ma haka. In kin ce ta fito da hijabi har ƙasa, don Allah ta yaya ya ga gashi har gadon baya? Na sha gyara wannan kuskuren. Ki bar gashin sai ranar da wani mai ikon gani ya gani, ranar zai yi nauyi.

Tsayar da jaruma gaban madubi tana lissafa kyanta kuma, ki daina. Wadda ta kalli madubi ƙurjin da ya fito mata jiya take dubawa, ko ɗaurin ɗankwalin da ya ƙi zama.

Sai yadda za ki shigar da siffar cikin labari. Kada ki tsayar da tafiya ki karanto mana mutum daga kai zuwa ƙafa kamar mai cike fom. Duba wannan: "Mace ce gajera, baƙa, mai jiki, shekarunta hamsin, tana da tabo a hannu." Babu ƙarya a ciki, amma ba ta motsi. Ga ta kuma: "Sai da ta yi ɗage kafin ta kai ƙusar da ake rataye makulli. Da ta miƙo mini, na ga bayan hannunta duk ɗigo-ɗigon ƙunar mai, tsoho da sabo, irin na wadda ta aurar da 'ya'ya da kaskon ƙosai." Gajartar ta fito a cikin ɗage, shekarun sun fito a cikin aurar da 'ya'ya, labari kuma bai tsaya ba. Wannan ya fi zama dole a gajeren labari. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, kalmomi 1,000 zuwa 1,500 take karɓa. In kin kashe 200 a kan ido da hanci, me ya rage wa labarin?

Kamance kuma, guda ɗaya mai kyau ya isa mutum ɗaya, kuma ya fito daga duniyar mai kallo. Manomi zai ga yarinya siririya kamar karan dawa, tela zai ce kafaɗar mutum kamar an auna da tef. "Kamar Balarabiya" da "kamar 'yar Indiya" ba sa nuna mini komai, sai dai su gaya mini inda marubuciya take ganin kyau ya ƙare.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi ci mini rai. Shekarun baya na ba ɗiyar ƙanwata wani rubutuna ta karanta, lokacin tana aji biyu na sakandare. Baƙa ce, irin baƙin nan mai sheƙi da yake ɗaukar kowane launin atamfa. Da ta dawo mini da shi sai ta ce, "Anti, me ya sa duk baƙaƙen cikin labarinki 'yan aiki ne ko mugaye?" Na koma na duba, haka ne. Ban yi da niyya ba, abin da na saba karantawa na kwafo. Amma yarinyar ta nemi kanta a cikin shafukan nan, ta tarar da kanta tana wanke-wanke. Ga kuma man bilicin jere a shaguna yana jiran irinta. Tun ranar nake duba wannan a duk rubutun da ya zo hannuna. Muna da kalmomi: baƙa wuluk, baƙa mai sheƙi, wankan tarwaɗa, ja, fara sol. Ki raba su tsakanin masu kirki da marasa kirki yadda Allah ya raba su a unguwarku. Haka nan kada ki nuna mugunta da ido ɗaya, ko ƙusumbi, ko zabiyanci. Akwai mai irin wannan halitta da zai karanta, kuma muguntar da ta zo da kyakkyawar fuska ta fi tsoratarwa.

Kaduna kuma gari ne na kowa. A bas ɗaya daga Kawo zuwa Sabo za ki zauna da Bahaushe, da Bafulatani, da Gbagyi, da Bajju, da Banufe, da Bayarabe. In za ki sa su a labari, ki kalle su ɗaya-ɗaya kamar yadda kike kallon naki. Ki ce tsohuwa 'yar Gbagyi ta ɗauko itace a kafaɗa, don haka al'adarsu take, ba a kai suke ɗaukar kaya ba. Wannan lura ce. Amma "mai kama da 'yan ƙabilarsu" lalaci ne, kuma yana ciwo. Tsaga ma haka. Bille daban, tsagar Gobirawa daban, ta Barebari daban, kowace tana faɗin asali. In ba ki tabbata ba ki tambayi tsohon wanzami. Ki kuma tuna yaran birni na yanzu ba kasafai ake yi musu ba, don haka in kin ba budurwa 'yar shekara 18 tsaga, kin riga kin ce wani abu game da inda aka haife ta da irin gidansu.

Sutura ba sai na daɗe a kanta ba, kun fi ni sanin sunayen shadda da leshi. Yadda aka sa ta fi sunanta magana: hular da aka karya gefe, babbar rigar da ta koɗe a wuya amma ta sha guga, takalmin da aka kai wa shumeka sau uku.

Ki buɗe wa mutanenki ɗan littafi, kowa da shafinsa, musamman in kina sakin labari babi-babi kullum. Na ga wushiryar da ta bayyana a babi na 2 ta ɓace a na 20, na ga gajeren da ya koma dogo. Alamar da kika ba mutum tun farko ki riƙa dawo da ita jefi-jefi, sannan ki bar jiki ya canza in rayuwa ta canza. Wadda ta haihu, ko ta yi jinyar miji, ko ta fita takaba, zoben da ya matse ta a babi na farko yanzu yawo yake a yatsa.

Ga aikin da nake ba duk wadda ta zo wurina. Ki je tashar Kawo ko tashar jirgin ƙasa ta Rigasa ki zauna na rabin awa. Ki zaɓi mutum biyar, kowa ki rubuta masa layi biyu, ba tare da kalmar kyakkyawa, ko fara, ko doguwa ba. Ki yi a hankali cikin waya, kada ki ƙura wa kowa ido. Ni ma har yanzu ina yi. Na makon jiya a Rigasa ga shi: wani dattijo da farar jamfa, ya riƙe tikitinsa da hannu biyu a ƙirji, ƙafar gilashinsa ɗaya an ɗaure ta da baƙin zare, duk wanda ya wuce da kaki sai ya ɗan miƙe daga kujera.